Jawabi ga masunta: jirgin feda zai yi mana aiki a Tafkin Chadi?

Iyayena da ’yan’uwana masunta na sansanin Dar es Salam, sannunku da zuwa.

Wasunku sun yi tambaya a kan jirgin ruwan da ake tuƙawa da ƙafa kamar keke. Ƙananan jirage ne guda biyu aka haɗa gefe da gefe, aka ɗora dandamali a kansu. Mutum na zaune yana taka feda, farfela tana juyawa a ƙarƙashin ruwa.

Yana da amfani. Ba ya shan fetur, kuma kun san tsadarsa a Baga Sola. Ba ya ƙara, don haka ba ya korar kifi. Faɗinsa ya sa kifewarsa ke da wuya. Hannuwa kuma suna sake, kana tafiya kana duba ƙugiya.

To amma tafkinmu ba shi da zurfi, ga ciyawa ta ko’ina. Inda kwalekwale ke kutsawa da sanda ko filafili, wannan jirgi faɗinsa zai tare shi, ciyawa ta naɗe farfela. Ragar kalli ma tana iya sarƙewa a jikinta ta yage. Idan iskar hunturu ta taso, tana tura shi gefe, ƙafar mutum ɗaya ba ta ja da ita. Ba ya ɗaukar kaya kamar babban kwalekwale, balle jiƙaƙƙen taru da kifin yini guda. Sannan kwalekwalen katako kafinta na kusa zai gyara shi, amma idan farfela ta karye, a wace kasuwa za a samo wata?

Ga shawararmu. Mai kafa ƙugiya ko gura kusa da gaɓa, a buɗaɗɗen ruwa mai kwanciya, zai iya morarsa. Mai shiga cikin ciyawa neman tarwaɗa da karfasa, ko mai jan raga mai nauyi, ya riƙe kwalekwalensa.

Kada ƙungiya ta zuba kuɗin adashinta kafin a gwada guda ɗaya, lokacin cikar ruwa da lokacin janyewarsa. Ku tambayi nauyin da yake ɗauka da inda ake samun kayan gyaransa. Kowane jirgi kuka hau, ku sa rigar ruwa, kada ku wuce iyakar da jami’an tsaro suka shata.

Allah Ya ba da sa’a. Mai tambaya ya ɗaga hannu.