Kafin Mu Ce "Yi Haƙuri"

Karatu: Karin Magana 18:13-17, Afisawa 5:21-33

Yau za mu yi magana a kan ma'auratan da ke buga ƙofar fasto da tsakar dare.

Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle mutum biyu da suka tashi a gidaje dabam. Saboda haka saɓani ba ya ba mu mamaki. Abin tsoro shi ne gaggawar da mu masu kiwon garke muke yi. Mace ta zo da kuka, tun ba ta rufe baki ba mun ce, "Yi haƙuri, 'yata, koma ɗakinki." Haƙuri magani ne, amma ba a ba da magani sai an san ciwo. Karatunmu ya nuna wauta ce a amsa magana tun ba a ji ta ba.

Da fari dai, sai mu ji kowa shi kaɗai. In matar ce ke magana, bari matar fasto ko wata dattijuwa ta Zumuntar Mata ta zauna tare da mu. Sau da yawa faɗan da aka ce na gishirin miya ne, gindinsa kuɗin cefane ne, ko burkutu, ko bakin surukai, ko rashin haihuwa. Ku tuna da Elkana cikin 1 Sama'ila sura 1. Yana ƙaunar Hannatu ƙwarai, amma ya ɗauka ƙaunarsa ta isa ta share hawayenta. Bai gane zurfin ciwonta ba.

Na biyu, mu haɗa su. Fasto ba alƙali ba ne, don in ɗaya ya ci shari'a, gidan ne ya faɗi. Mu roƙi kowa ya faɗi laifin kansa kafin na ɗan'uwansa. Maigida da yawa ya haddace aya 22 mai zancen biyayyar mata, ya tsallake aya 25, wadda ta ɗora masa irin ƙaunar da ta kai Almasihu ga gicciye. Abin da aka faɗa a ɗakin fasto kuwa, kada ya fito cikin wa'azin ranar Lahadi.

Na uku, 'yan'uwa, in akwai dūka, kada mu rufe shi da addu'a mu sallame su. Ba za mu mai da mace inda ranta ke cikin hatsari ba. A sama mata wurin zama, dattawan ikilisiya su kira mijin, har a ga tubansa a aikace. Wasiƙar Bitrus ta fari 3:7 ta gargaɗi maza cewa wulakanta mace yana tare addu'a.

Kai ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, kada ku jira sai an yi yaji a soma zancen biko. Ku nemi fastonku tun wutar tana ƙarama. Ba kunya ba ce.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba bayinka kunnen ji kafin bakin magana. Ka warkar da gidajen da suka tsage, ka koya mana gafara yadda ka gafarta mana. Cikin sunan Yesu. Amin.