Fentin da Ya Bushe a Gilashin Taga



Duk wanda ya ratsa garin Sara gabanin Sallah, lokacin da magidanta ke sabunta fentin gidaje da shaguna, lalle ya ga yadda ɗigon fenti ke bushewa a gilashin taga, har maigida ya ɗauko wuƙa ko soson ƙarfe cikin gaggawa, alhali kuwa ƙarzunan da zai bari suna da wuyar magani. Hikimar ita ce a fara tantance jinsin fentin: in na ruwa ne, ruwan ɗumi da sabulu sun wadatar wajen tausasa shi; in kuwa na mai ne, sai a jiƙa tsumma da kananzir, a ɗora bisa tabon har ya yi laushi, nesa da wuta. Sa'an nan a kwantar da sabuwar reza, a riƙa turawa sannu a hankali gilashin yana jiƙe, bayan an wanke ƙurar hunturu, domin ita ce ke yin illa a ɓoye. Zanen magabata na Dutsen Habude a Birnin Kudu ya daɗe saboda dutse ya riƙe launi. Gilashi kuwa santsi gare shi, shi ya sa haƙuri kaɗan ya isa.