Kafin a nemi jari



Duk inda aka tara matasa aka tambaye su abin da ya hana su ci gaba, amsar ɗaya ce: babu jari. Ban ƙaryata su ba, rashin jari ciwo ne. Amma abin da ya kawo ni yau shi ne wanda za a danƙa wa jarin. Shi me ya tanada a kansa? Na ga an ba mutum miliyoyi sun narke kafin shekara ta zagayo, na kuma ga wanda ya fara da faranti a ka yau yana da shaguna a Kantin Kwari.

Mu ɗauki Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Kowa ya san ya yi arziki, amma ba kowa ke lura da sau nawa ya sake koyon kasuwanci ba. Ya taso cikin Agalawa, fataken goro, waɗanda ke kora jakuna zuwa Gwanja su yi watanni a hanya. Da ya ga jirgin ruwa na zirga-zirga a bakin teku, sai ya riƙa ɗora goronsa daga ƙasar Gana ta yau zuwa Ikko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, manoma kuwa suka karkata ga gyaɗa don ta fi kuɗi kuma ana ci. Ɗantata bai ce shi ɗan goro ne gaba da baya ba. Ya shiga gyaɗa, ya baza yaransa ƙauyuka da kuɗin saye, har ya zama babban mai sayo wa kamfanonin Turawa. A 1929 da aka buɗe reshen banki a Kano, a zamanin da attajirai ke binne kuɗi a tukunya, shi nasa ya kai ajiya, har ana ba da labarin raƙuma ashirin ne suka ɗauko azurfar. Hanya ta canza, haja ta canza, ma'ajiya ta canza, mutumin kuwa bai tsaya jayayya da zamani ba. Abin da bai canza ba shi ne amanar da ta sa ake ba shi kaya da kuɗi a kan kalmarsa.

To, mu dawo shagunanmu na yau. Ku tsaya a gaban wani mai tireda ku yi kallo na awa guda. Mai saye ya miƙo kuɗi, ya cusa a aljihun gaba. Yaro ya zo daga gida karɓar kuɗin cefane, ya zaro daga aljihun nan. Abokinsa zai aurar da 'ya, gudummawa daga nan. Maƙwabci ya ɗauki kwalin taliya, "rubuta mini", alhali babu inda ake rubutawa sai a ka. Shekara na ƙarewa kanta ta yi fayau, sai ka ji yana cewa kasuwa ta mutu, ko kuma an yi masa baki. Babu wanda ya yi masa komai. Uwar kuɗi ya cinye yana zaton riba ce.

Wannan yana ba ni takaici, domin maganinsa bai kai kuɗin katin waya ba. Littafi ne da biro. Abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ake bi, wanda ke bi. Sannan mutum ya yanka wa kansa albashi daga shagon, kada ya wuce shi ko da biki ko da suna. Mu da muke karanta Alƙur'ani ma bai kamata a tuna mana ba: ayar da ta fi kowace tsawo, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma wanda bai san adadin dukiyarsa ba, ta yaya zai fitar da ɗaya cikin arba'in na zakka?

Koyon sabon abu ma haka. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, mai nama da mai kayan miya da suka riga suka buɗe asusu suka iya karɓar taransifa sun yi ciniki, waɗanda suka ce wannan harkar 'yan boko ce suka wuni suna kallon tumatir yana ruɓewa. Matan aure da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp daga cikin ɗakunansu ba digiri suka yi a kai ba, tambaya suka yi aka nuna musu. Ma'aikacin ofis da ya shekara goma a kujera ɗaya bai iya haɗa rahoto a kwamfuta ba, kada ya ga laifin kowa ranar da aka ɗaga ƙaramin ma'aikaci sama da shi.

Iyayenmu masu shaguna, ku ma da naku. Yaro ya yi muku shekara takwas yana ɗaukar dila yana share shago, bai san inda ake saro kaya ba, bai san nawa aka saro ba, don ana tsoron kada ya buɗe ido. Ran da mai shagon ya kwanta dama sai a rufe shagon, a raba kaya a gado, sunan ya ɓace a kasuwa. Ku nuna wa yaran sari, ku bar su su riƙe littafi, ku sanya ranar sallama tun farko ku kuma cika ta.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, kafin ku cike fom ɗin neman tallafi na gaba, ku sami wanda ya iya sana'ar ku durƙusa ku koya, ko da kyauta za ku yi masa aiki na wani lokaci. Wanda yake da shago a cikinku, ina roƙonsa ya sayi littafinsa yau kafin ya isa gida, ya fara da cinikin gobe da safe.