Matsayin Kyarkeci a Gaban Doka: Jawabi ga Maharba da Makiyaya a Abuja



Wataƙila waɗansunku sun ji a rediyo cewa ƙasashen Turai sun sassauta dokar da ta hana kashe kyarkeci. Labarin gaskiya ne, amma ya kamata a fahimce shi sosai, don kada wani ya ɗauka sassaucin ya shafe mu.

Tun shekarar 1979, bisa ga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Bern, kyarkecin Turai yake cikin dabbobin da aka tsananta tsaronsu, domin a lokacin ya kusa ƙarewa a ƙasashe da dama. Da aka bar shi ya sake, sai ya yaɗu, har a 2023 aka ƙiyasta fiye da 20,000 a ƙasashen Tarayyar Turai. Makiyaya suka yi ta kuka saboda ɓarnar da yake yi wa tumakinsu. Saboda haka a Disamba 2024 aka amince a rage masa matsayi, canjin kuma ya fara aiki a Maris 2025. Ko a can ba a ce kowa ya ɗauki bindiga ba. Hukuma ce za ta tsara farautar, da sharaɗin kada irin ya sake shiga haɗari.

To, namu kyarkecin dabam yake da nasu, ko da yake suna ɗaya muke kiransu da shi. Shi ne karen dajin nan mai dabbare-dabbaren baƙi da fari da rawaya, mai manyan kunnuwa, wanda yake farauta a ƙungiya. Dattawa sun san shi a dazuzzukan Yankari da Kainji da Gashaka-Gumti. Yau kuwa an daɗe ba a tabbatar da ganinsa a ƙasar nan ba, kuma a Afirka duka ana ƙiyasin manyansa ba su wuce 6,600 ba. Sarar daji da cututtukan karnukan gida sun ci shi. Haka kuma gubar da akan zuba a mushe, wadda ba ta zaɓe: kura ta ci ta mutu, ungulu ta ci ta mutu.

Dalilin ke nan da dokarmu ta bi hanyar tsanantawa. Doka ta 11 ta 1985 ta sa kyarkeci da kura cikin jerin farko, watau dabbobin da aka haramta farautarsu ko kama su ko cinikinsu sam. Tarar farko a wancan zamani Naira 1,000 ce. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga ta zuwa Naira miliyan 5. Dila kuwa yana jeri na biyu, sai da lasisi. Abin mamaki ma, a 2015 masana suka gano cewa dilan nan mai ruwan ƙasa-ƙasa na arewacin Afirka da Sahel ya fi kusa da kyarkecin Turai a jini fiye da namu kyarkecin.

Mun san asarar akuya ko ɗan maraƙi ba wasa ba ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Wanda naman daji ya yi wa ɓarna, ya kai ƙara ga dagaci ko ma'aikatan gandun daji mafi kusa, ya bar batun guba. Wanda kuma ya ga kyarkeci a raye, ko ya ga ana sayar da fatarsa a kasuwa, muna roƙonsa ya sanar da su wurin da ranar.