Wa Zai Bi Wani? Auren Baƙo da Zaman Ƙasar Waje

(Jawabin da aka gabatar a zaman muhawara na Ƙungiyar Ɗalibai)



An nemi in yi magana a kan saurayi ko budurwar da Allah ya haɗa jininsu da ɗan wata ƙasa, har ta kai ga tattara nasu-ya-nasu su bi shi can a kafa gida. Ba zan ɓata muku lokaci a kan ko irin wannan aure ya dace ko bai dace ba. Wannan gardama ce da ake yi a ɗakunan kwanan ɗalibai tun kafin a haifi yawancinku, ba ta kuwa hana kowa yi ba. Abin da nake so mu duba shi ne tambayar da masoya ba su cika yi wa juna ba sai aski ya zo gaban goshi, watau a cikin su biyun nan wa zai bar ƙasarsa, kuma da wane ƙarfi zai zauna a ƙasar ɗayan?

Mu fara daga gida. A al'adarmu ma amarya ƙaura take yi, amma ba ta tafiya hannu rabbana. Gwaggonni da ƙawaye su raka ta, a yi mata jere da kayan ɗakin da iyayenta suka saya, a biyo ta da gara. In zama ya yi tsami, tana da gidan ubanta da za ta yi yaji, miji kuwa tilas ya aiko da manyansa biko, a zauna a ji ta bakin kowa. Kada ku raina yaji. Shi ne kotun farko ta matar aure, kuma sanin cewa akwai shi yakan sa miji ya auna maganarsa. To, wanda ya bi abokin aurensa zuwa Ingila ko Jamus ko Amurka, mace ce ko namiji, ya shiga auren da babu yaji a cikinsa, domin takardar izinin zamansa a ƙasar rataye take a wuyan wanda zai yi wa yajin.

Ga yadda abin yake a Ingila. Tun daga 2012, ɗan ƙasar da ke son kawo matarsa ko mijinta daga waje sai ya nuna yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin zuwa fam 29,000. Bizar farko ta wata 33 ce, sannan a sabunta, sai an cika shekara 5 kafin a nemi izinin zama na dindindin. A cikin waɗannan shekaru baƙo ba shi da rabo a yawancin tallafin da gwamnati ke ba marasa ƙarfi, kuma idan auren ya mutu wajibi ne a sanar da hukumar cikin gida, ita kuwa tana iya datse bizar. A Jamus, tun daga 2007 ana bukatar mai zuwa ya ci jarrabawar farko ta harshen Jamusanci kafin ya taso, kuma sai auren ya shekara 3 a can kafin ya sami izinin zama na ƙashin kansa. A Amurka wata doka ta 1986 ta ce wanda aurensa bai kai shekara 2 ba, katin zama na wucin gadi za a ba shi, na shekara 2, kuma bisa ƙa'ida su biyun ne za su sa hannu a nemi na dindindin.

Gaskiya ne waɗannan ƙasashe sun buɗe ƙofa ga wanda ake duka ko azabtarwa. Amurka ta yi haka a dokar 1994, Ingila ma tana da irin nata tanadin. Amma ƙofar da mutum bai san da ita ba, da bango duk ɗaya ne, kuma wadda ba ta iya harshen ƙasa ba, ba ta san kowa ba sai dangin miji, wa zai nuna mata? Namiji ma bai tsira ba. Wanda ya saba ana ce masa maigida, ya wayi gari digirinsa ba ya aiki sai ya sake jarrabawa, haya da cefane duk a hannun matarsa, ga abokai a gida suna kiransa mijin Hajiya, lalle sai ya yi da gaske kafin zuciyarsa ta daidaita. Daɗin daɗawa, doka kanta takan sauya mutum yana tsakiyar hanya: a farkon 2020 gwamnatin Amurka ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar ƙaura, aka bar ma'aurata da yawa ɗaya nan ɗaya can, sai a watan Janairu na 2021 aka soke umurnin.

Akwai kuma maganar ɗaurin auren kansa. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a kan wasu Musulmi da aka ɗaura wa aure a wani gidan cin abinci a Landan a 1998, suka zauna shekara da shekaru har da 'ya'ya 4, amma ba su yi rajista ba. Kotu ta ce a idon dokar ƙasar babu aure, saboda haka matar ba ta da hakkin rabon dukiya irin na wadda aka saka. Liman da waliyyi da shaidu sun wadatar a wurin Allah. Alƙalin Ingila kuwa takarda yake tambaya.

Inda abin ya fi ciwo shi ne 'ya'ya. Akwai yarjejeniyar Heg ta 1980, wadda Ingila da Amurka da Jamus suka shiga, mai cewa yaron da ɗaya daga cikin iyayensa ya fitar daga ƙasar da ya saba zama ba da yardar ɗayan ba, a mayar da shi. Nijeriya ba ta shiga ba, wannan ne ya sa alƙalan can sukan yi nauyin hannu wajen barin a kawo yaro nan ko da hutu ne, idan ɗayan ya ƙi. Ke nan uwar da aurenta ya mutu tana da zaɓi biyu: ta dawo gida ita kaɗai, ko ta ci gaba da zama a ƙasar da ba abin da ya kai ta sai mutumin da suka rabu.

Kada a ce na zo ne in tsorata ku. Ana yi, kuma ana dacewa. Peggy Cripps, 'yar tsohon ministan kuɗi na Ingila Sir Stafford Cripps, ta auri Joe Appiah ɗan Gana a Landan a 1953, ta biyo shi Kumasi. Ta koyi harshen mutanen mijinta har ta tattara karin maganarsu fiye da 7,000 aka buga. Lokacin da Nkrumah ya tsare mijinta ba ta gudu ba, a Kumasi kuma ta rasu a 2006. Sai dai mu tuna ta zo da dukiya da suna da dangin da gwamnatoci ke jin kunya. Ɗiyar malamin firamare daga Gumel ba ta tafiya da ko ɗaya daga cikinsu, sai ilminta da abin da ta bincika kafin ta hau jirgi.

Yanzu bari mu juyo kan tamu dokar, domin tana da hannu wajen yanke wa zai bi wani. Sashe na 26 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba a ambace shi ba. Yana iya samun izinin zama, amma in yana son zama ɗan ƙasa sai ya bi sashe na 27 kamar kowane baƙo, watau zaman shekara 15. Namijinmu yana da zaɓi, ya tafi ko ya kawo ta. Macenmu kuwa doka ta riga ta nuna mata hanyar filin jirgi. A watan Maris na 2022 an kawo gyaran wannan sashe gaban Majalisar Tarayya, 'yan majalisa suka kayar da shi, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar.

Wasu za su ce ai al'ada ce mace ta bi miji. To, Nijar da muke harshe ɗaya da addini ɗaya da ita ta gyara dokarta a 2014, ta yarda mace ta ba mijinta baƙo 'yancin zama ɗan ƙasa. A Botswana wata lauya, Unity Dow, wadda ta auri Ba'amurke, ta kai gwamnati ƙara saboda an hana 'ya'yanta zama 'yan ƙasa, ta yi nasara a 1992, aka gyara dokar a 1995. Mu nan muna kashe kuɗin jama'a mu horar da likita ko injiniya mace, mu hana mijinta gindin zama, sannan mu koma muna kukan masana sun gudu ƙasashen waje.

Shugaban zama, ina roƙon wannan ƙungiya ta rubuta takarda a kan sashe na 26, ta sa ɗaliban sashen shari'a su tsara ta, a aika wa 'yan majalisar da ke wakiltar mazaɓunmu, a kuma buga amsar kowannensu a wannan mujalla, har da sunayen waɗanda suka yi shiru.