Mai Ɗaukar Nauyi Shi Ma Mutum Ne



An nemi mu yi magana a kan tsadar rayuwa. Da farko mun so mu ba da uzuri, domin babu wanda ke zaune a nan da yake bukatar tsohon hedimasta ya sanar da shi farashin mudun shinkafa. Amma tun da alli muka riƙe shekara da shekaru, ku yi mana haƙuri mu ɗan yi lissafi. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a shekarar 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yuli na 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, alhali a ƙarshen wannan shekarar buhun shinkafa ya kusa 100,000 a kasuwanni da dama. Ko ɗan aji huɗu ya san wannan lissafi ba ya fita. Abin da muke so mu tattauna shi ne halin da mutumin da ake sa ran ya fitar da shi yake ciki.

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa yaron da ya kamata malami ya fi sa wa ido ba mai surutu ba ne, wanda a da yake ɗaga hannu ne yanzu ya koma bencin baya ya yi shiru. Mun ga amfanin wannan darasi bayan mun yi ritaya. Akwai wani tsohon ɗalibinmu, ma'aikaci a birni, mai mata da 'ya'ya biyar, wanda gidaje uku a nan gari suke dogara da shi. Sallah biyu bai zo gida ba, waya ma ya daina ɗauka. Nan da nan magana ta bazu cewa ya samu duniya ya manta da mafari. Mu ma, Allah ya yafe mana, mun ɗan yarda. Da wata hidima ta kai mu birnin, sai muka biya ta gidansa da nufin yi masa faɗa. Muka tarar da mutum ya rame, ya yi watanni ba ya samun barcin kirki, ba ya son abinci, ya rufe kansa a ɗaki. Ya ce mana, "Malam, duk lokacin da wayar nan ta yi ƙara gabana faɗuwa yake yi, domin na san roƙo ne, kuma ba ni da shi." Sai ya fashe da kuka, namiji mai shekara 45.

Wannan shi ne abin da likitoci ke kira ciwon damuwa. Cuta ce kamar hawan jini ko ciwon suga, kuma tana da magani. Ba hauka ba ce, ba lalaci ba ne, ba kuma shaida ce ta raunin imani ba. Mun daɗe muna cutar da irin waɗannan mutane da kalma ɗaya, wato "ka yi haƙuri, ka cika namiji". Mun manta cewa wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a kuma muna kai shi wurin maɗori, ba ma zaɓar ɗaya mu bar ɗaya. Shi wannan bawan Allah, da ƙyar ya yarda ya ga likita, saboda tsoron kada a ce an gan shi a asibitin mahaukata, a hana 'ya'yansa mata aure. Bayan 'yan watanni yana shan magani ana kuma tattaunawa da shi, ya koma bakin aikinsa.

Ya kamata mu sani cewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen wannan fanni. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tanadi haƙƙin mai jinya na a mutunta shi. Sai dai ƙwararrun likitocin kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da yawan jama'a, don haka kafin mutum ya kai gabansu, mu ne za mu fara ganin alama. Idan ɗan'uwa ya janye jiki, ya daina barci, ya riƙa fushi ba gaira ba dalili, ko ya fara cewa mutuwa ta fi masa, to kada a ɗauke ta wasa, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A je a zauna da shi, a saurare shi, a raka shi asibiti. Zumunta a ƙafa take, ba a saƙon WhatsApp ba.

Ga mu na gida, mu rage ɗora wa na birni abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ke Abuja ba a kan rijiyar kuɗi yake kwana ba, hayar gida da kuɗin mota da na makaranta suna jiransa. Wata rana a kira shi don a gaishe shi kawai, a kashe waya ba tare da an ce "dama akwai wata 'yar magana" ba. Bukukuwanmu kuma sun zama abin tsoro. Uba ya ci bashin kayan ɗaki, ango ya ci bashin lefe, 'yan'uwa su ci bashin anko, a watse a bar kowa da ciwon kai.

Ku na birni kuma, akwai naku. A shekarar 2025 farashin masara da shinkafa ya sauko, kun yi murna, ba mu ga laifinku ba. Amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da amfani da araha, yayanku ne ko kawunku, wasu har yau ba su fita daga bashin ba. In kun zo sayen hatsi da kaka, kada ku yi amfani da matsuwarsa ku karya masa farashi. Yarinyar da kuka ɗauko daga ƙauye tana muku aiki, ku duba ko ladanta ya motsa tun 2023, ku kuma tambayi kanku ko tana zuwa makaranta kamar 'ya'yanku.

Saura ƙungiyarmu. Muna roƙon kwamiti ya duba al'adar nan ta karanta sunayen masu gudummawa da adadin kuɗinsu a lasifika. Mun san mutum huɗu ko biyar da suka daina halartar taro saboda kunyar a kira sunansu da naira 2,000 bayan an kira na wani da 500,000. Haka nan ɗaukar hoton gwauruwa ko maraya yana riƙe da ƙullin gero a watsa a Facebook, a daina shi. Ma'aji ya rubuta a littafi, masu binciken kuɗi su duba, ya wadatar. Muna kuma ba da shawarar a ware wani kaso na asusun walwala domin kuɗin mota da na magani ga masu irin wannan larura, a damƙa shi ga mutum uku masu riƙon sirri, cikinsu har da mace, domin mata da yawa ba za su buɗe wa namiji cikinsu ba. Kowane reshe na birni ya samu wanda zai riƙa lura da waɗanda aka daina gani a taron wata, ya je har gida ya duba su. Mun miƙa wa sakatare waɗannan shawarwari a rubuce, muna fata a saka su cikin abubuwan da za a tattauna a zaman gobe.