KA SAN KWANO NAWA AKE CI A GIDANKU?

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar ga matasa 'yan uwa a zamansu na mako, a kan gidajen da uwa ita kaɗai ke riƙe da su. Mun rubuto maku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da 'yar tacewa. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S) da Alayensa da Sahabbansa managarta.

'Yan uwa, maganarmu ta yau ba ta da nisa, a cikin gida take, a bakin murhu ma. Da za a ce duk wanda mahaifinsa ya rasu, ko iyayensa suka rabu, yana zaune a hannun mahaifiyarsa shi da ƙannensa, ya ɗaga hannu, da kun sha mamakin yawan hannuwan da za ku gani a nan. To ba za mu ce a ɗaga ba. Akwai kuma gidan da uwa ce ta rasu, uba ne shi kaɗai yake fama da 'yan mata da samari. Shi ma yana cikin maganar, sai dai za mu fi tsayawa a kan uwa, don ita ce ta fi yawa, kuma ita ce hanyar samunta ta fi ƙunci.

Tambaya ɗaya zan yi wa irin wannan ɗan uwa. Kwano nawa na hatsi ake ci a gidanku a wata? Yaushe kuɗin haya zai cika? Wane mai shago ne yake bin mahaifiyarka bashi? Akasarinku ba ku sani ba. Ɗan uwa zai iya zayyano maka abin da ke gudana a Falasɗinu daki-daki, wannan abu ne mai kyau, amma tukunyar da ake zuba masa tuwo daga cikinta bai san yadda aka yi ta hau wuta ba. Ya dawo ya tarar da kwanonsa a rufe, ya buɗe ya ci, wataƙila ma ya yi tsaki don miyar ba ta ji mai ba.

Ku duba halin da waɗannan iyayen namu suka shiga. Ran 29 ga Mayun 2023 aka yi shelar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A tsakiyar 2024 alƙaluman gwamnati da kanta sun nuna farashin abinci ya tashi da kimanin kashi 40 cikin 100 a shekara guda. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, to amma wannan na mai albashi ne. Matar da ke soya awara a tsakar gida, ko take ɗinki, ko kitso, ko ƙuli-ƙuli, wa ya yi mata ƙari? Waken suya ya tashi, mai ya tashi, itace ya tashi, in kuma ta rage girman awarar yaran unguwa su koma gidan maƙwabciya. Hatsi ya ɗan sauko a 2025, Alhamdu lillahi, amma kuɗin haya da na makaranta da na magani ba su biyo shi ba.

Sannan shekarun da kuke ciki su ne mafi tsada a rayuwar ɗa. Yaro ɗan shekara 5 ɗan malmala ya ishe shi, rigar yayansa ma sai ya sa. Kai ɗan 16 kana cin rabon mutum biyu, takalmin bara ya matse ka, ga waya. Ƙanwarka ta zama budurwa, tana da bukatun da ba za ta iya faɗa maka ba. Ga jarrabawar WAEC, ga NECO, ga JAMB, duk a cikin shekara ɗaya suke faɗowa, wani gidan ma yara biyu a jere. Wato a daidai lokacin da ƙarfin uwa ya fara raguwa, a lokacin ne nauyin ya fi yawa.

Kuma kar ka jira ta gaya maka. Kun san iyayenmu mata da alkunya. In kai ne ɗan fari ko sunanka ba ta faɗa, ina ga ta zaunar da kai ta ce babu? Sai dai ka ji ta ce ta ƙoshi, alhali abincin ne bai kai ba. Sai ka ga 'yan kunnenta sun ɓace, ka ga tasoshin jerenta suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, dillaliya tana yawan shigowa gidan. Wanda yake da ido ya gane.

To me za ka yi? Kar ka je ka tsaya mata a ka kamar mai binciken kuɗi, ka ce Umma kawo lissafi. Wannan rashin ladabi ne. Ka rusuna ka ce, "Umma, ki bar mani cefanen wannan watan, ni zan riƙa zuwa kasuwa." Ka sami ɗan littafin rubutu, duk abin da ya fita ka rubuta, har gishiri da ashana da kuɗin niƙa. Wata ɗaya tak. A ƙarshensa za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba, kuma ita ma za ta saki jiki da kai, don ta ga ba surutu ka zo da shi ba.

Abu na farko da littafin zai nuna maka shi ne talaka ya fi mai kuɗi sayen abu da tsada. Mai kuɗi buhu yake saye, ku kuwa awo kuke yi kullum, rabin kwano yau, gwangwani uku gobe, man ƙulli, kowane da ribar mai shago a kai. Mu ɗauka gidanku mutum 5 ne, kuna cin kwano ɗaya a yini. Buhu kwano 40 ne ko kusa da haka, ka ga kwana 40 ke nan. Za ka ce ina muka ga kuɗin buhu? Ai shi ya sa kuke 'yan uwa. Mutum huɗu masu irin halinka ku haɗa kuɗi, ɗaya ya tafi babbar kasuwar hatsi irin Dawanau a Kano, ko kasuwar ƙauye ranar cinta, ku raba kwano goma-goma. Kuma a yi da kaka, lokacin da masara da gero da wake suke araha, kar a bari sai damina ta yi tsakiya rumbuna sun ƙare. Wake in kuna tsoron ƙwari, akwai buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, ka ɗaure kowane ruɓi tam iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba.

Sai jari. Yawancin sana'ar iyayenmu ba rashin ciniki ke kashe ta ba, cinye uwar kuɗi ne. Cinikin yini yana cikin kwano ɗaya, a ciki za a ɗauki na cefane, a ciki kai za ka ɗauki na mota, a ciki za a kai gudunmawar biki. Ranar sayen kaya a duba a ga bai kai ba, a sayo rabi, mako mai zuwa rabin rabi. Ka taimaka mata ku ware: wannan na sayo kayan gobe ne, ba a taɓa shi ko da kuwa gaya za a ci. Abin da ya hau kai shi ne na gida. Kuma kai ka zama ƙafarta. Kai za ka sayo waken, kai za ka kai niƙa, kai za ka kai wa masu shago. Abin kunya ne a ce ƙanwarka 'yar shekara 14 tana yawon talla a tasha har bayan Magariba, kai kuwa kana zaune a majalisa kana bayanin lalacewar tarbiyya.

Manyan kuɗaɗe kuma, irin haya da na jarrabawa, ba su zuwa ba zato. An san watansu tun shekara na farawa. In haya Naira 120,000 ce, to 10,000 ce a wata, a riƙa cire ta tun yanzu. In Umma tana adashi, a roƙi uwar adashi ta sa kwasarta ta faɗo daidai watan haya ko na rajistar jarrabawa, ba daidai bikin 'yar ƙawa ba. Abin da nake jan kunnenku a kai shi ne bashin waya, wanda za a turo maka cikin minti biyar ka biya da ruwa cikin mako biyu. Riba ce, haramun ce, kuma in ka gaza sai su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka, har surukan gidanku su ji. Ita kuwa cacar ƙwallo, wadda wasu ke cewa da ita za su fitar da Umma daga wahala, ba sai na ɓata lokaci a kanta ba, kun san hukuncinta.

Yanzu bari in zo kanka. A littafin nan ka buɗe shafi guda da sunanka. Data ta Naira 500 a yini, a wata 15,000 ce, kuma tun farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Ƙara da shayi da indomi, da gidan kallon ƙwallo, da ɗinkin Sallah kala biyu, da ɗan abin da ake kai wa wajen zance. Kai har da kuɗin motar zuwa taro. Na'am, na faɗa. Zuwa wajen karatu da wa'azi alheri ne, amma in kuɗin motar daga jarin awarar marainiyar Allah ya fito, kuma ta ba ka ne don ba ta iya ce maka a'a, to ka taka da ƙafa in kusa ne, in nesa ne ka nemi wanda ya je ya ba ka labari.

Ban ce ka bar makaranta ba. Wasu da zafin kai za su ce daga yau na ajiye boko na kama acaɓa. Ita wahalar da take sha ai don ka yi karatun ne. Ka kama sana'ar yamma da ta Asabar da Lahadi, gyaran waya, ɗinki, aikin wuta, walda, ko koyar da yara. Wanda ya shiga babbar makarantar gwamnati ya bincika asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024, bashi ne marar ruwa, amma bashi ne, za a biya.

Akwai kuma haƙƙoƙin da ake danne wa waɗannan gidaje, wanda ya kamata ku sani. In rabuwa aka yi uba na raye, ci da sha da tufafi da maganin 'ya'ya a kansa suke, sakin uwarsu bai sauke masa ba. Abin da muke gani, mutum ya kori mace da 'ya'ya biyar ya yi sabon aure, shekara ta zagayo bai aiko da ko kwano ɗaya ba, wannan zalunci ne ko da rawaninsa ya kai ina. Amma kai ɗa ba za ka je ka ɗaga masa murya ba, mahaifinka ne. Ka bi ta wajen baffanninka, ko limamin unguwa, ko mai unguwa. In ta ƙi, akwai Hisba a jihohin da suke da ita, akwai kotun shari'a, kuma neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne. In kuwa rasuwa ce, matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'ya'ya kuma kowa da rabonsa. Sau nawa gona ko shago ke zama a hannun wani baffa shekara goma da sunan riƙo, marayun suna kwana da yunwa? A nemi a raba, cikin ladabi, a gaban shaidu, a rubuta. Zakka ma in gidanku ya cancanta ba abin kunya ba ne. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003.

In kana ganin nauyin ya yi maka yawa, ka tuna Jabir ɗan Abdullahi (RA). Mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya bar masa bashi da 'yan uwa mata, wata ruwaya ta ce 7, wata ta ce 9. Shi kuwa saurayi ne sa'anku. Ku lura, Badar da Uhudu duk bai halarta ba, mahaifinsa ya tsayar da shi a gida saboda 'yan matan nan, kuma ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Da ya tashi aure bai nemi budurwa ba, bazawara ya aura, da Manzon Allah (S) ya tambaye shi dalili, ya nuna yana son wadda za ta iya kula da 'yan uwan nasa ne, ba sa'arsu ba. Manzo (S) ya yi masa addu'a. Kuma bai bar shi da addu'a kawai ba. Ya je gonar dabinonsa da kansa ranar biyan masu bin bashi, aka yi ta awo har kowa ya karɓi nasa. A wata tafiya kuma ya sayi raƙumin Jabir, da suka iso Madina ya biya shi, sannan ya mayar masa da raƙumin. Ku dubi yadda ake taimako ba tare da an karya wa mutum zuciya ba.

Wannan ya kawo ni kanku, ku da iyayenku biyu ke raye. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8, Manzo (S) umarni ya yi a dafa wa iyalinsa abinci. Mu kuwa mun juya abin, gidan mamaci ne ke ciyar da masu zaman makoki, a cinye ɗan abin da ya rage, a watse. Matar tana takaba wata huɗu da kwana goma, sana'arta ta tsaya, kuma bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke. To a nan ne ake bukatarku. Kowace unguwa 'yan uwa su san gidajen nan. Mai shago ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa aiki, ya riƙa sallamarsa. Wanda ya iya lissafi ko Turanci ya koyar da masu shirin jarrabawa kyauta. In za a kai hatsi a kai da dare, a miƙa wa ɗan gidan ya shigar da shi da hannunsa, kuma don Allah kar wanda ya ɗauki hoto.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, masu son shiga haɗin sayen buhu su ba da sunayensu unguwa-unguwa, a fitar da mutum biyu amintattu da za su riƙe kuɗin, tun kafin kaka ta wuce.